Yadda mai kula da littattafan shari'a zai ƙaro ilmi yana bakin aiki: jagora ga ma'aikatan Damagaram

Abokan aiki masu riƙe da littattafai da takardun shari'a a Damagaram da kewaye suna yawan tambaya: ta ina mutum zai fara ƙaro ilmi alhali yana bakin aiki, Yamai na da nisan kusan kilomita 900, kuma kasafin ma'aikata bai cika tunawa da shi ba? Masu tambayar ba wuri ɗaya suke ba. Akwai na kotun ɗaukaka ƙara da babbar kotu, akwai na jami'a da manyan makarantu, akwai sakataren ofishin lauya da aka ɗora wa kabad uku na littattafai, akwai kuma magatakardan ƙaramar kotu a Magarya, Gure ko Tanut wanda shi kaɗai ne ɗakin karatun baki ɗaya. Abin da ya haɗa su shi ne ranar da alƙali ko ɗalibi zai ce, "Wannan ayar tana aiki har yanzu?" Duk horon da ba zai taimake ka ka amsa wannan tambayar da hujja ba, zai iya jira. Ga yadda ake tsara abin bi da bi.

1. Buɗe kundin tambayoyi na wata ɗaya

Kafin ka nemi kowane horo, sayi kaye mai shafi 100 ka ja layi biyar a kowane shafi: kwanan wata, matsayin mai tambaya, abin da ya nema, inda ka duba, da yadda aka ƙare. A layin ƙarshe kalma ɗaya ta isa: an samu, an samu rabi, ba a samu ba. Ka rubuta har da mintocin da binciken ya ci.

Bayan mako huɗu, ka ware duk waɗanda ba a samu ba, ka tambayi kanka dalili. Dalilan ba sa wuce uku. Ko dai takardar ba ta cikin ɗakin, ko tana nan amma tsarin ajiyar bai bari a gan ta ba, ko kuwa kai ne ba ka san inda ake nemanta ba. Na farko maganinsa saye ko roƙo, ba horo ba. Na biyu da na uku su ne jerin darussanka na shekara.

Hattara: matsayi ake rubutawa, ba suna ba. "Alƙali", "lauya", "ɗalibar shekara ta 3", "manomi". Abin da mutum ya zo nema a ɗakin littattafan shari'a yakan fallasa rigimar da yake ciki, kuma kaye abu ne da ake mantawa a kan tebur.

2. Daidaita darussan da wurin aikinka

A nan mutane da yawa ke kuskure, su ga takardar gayyatar horo su ruga, ba tare da sun duba ko ta shafi teburinsu ba.

Mai aiki a kotu ya fi kowa buƙatar sanin tsarin kotuna da hurumin kowacce, kamar yadda doka mai lamba 2018-37 ta 1 ga Yuni 2018 ta tsara, wadda ta maye gurbin mai lamba 2004-50 ta 22 ga Yuli 2004. Sai dokar tafiyar da shari'ar farar hula mai lamba 2015-23 ta 23 ga Afrilu 2015, da dokar tafiyar da shari'ar laifuka. Aikin da ba wanda zai yi maka shi ne tattara hukunce-hukuncen kotunka da kanta: koyon ciro taƙaitaccen hukunci, ba shi kalmomin nema, da goge sunayen mutane kafin a raba. Kuma tun da kotunanmu na aiki da al'ada a sha'anin aure, saki, gado da gonakin da ba su da takardar mallaka, tare da masu ba da shawara kan al'ada a gefen alƙali, dole ka san inda aka tara hukunce-hukuncen irin waɗannan shari'o'in, ka kuma san littattafan fiƙihun Malikiyya da ake komawa gare su.

Mai aiki a jami'a ko babbar makaranta, rabin aikinsa koyarwa ne ko bai sani ba. Ya koyi yadda ake gabatar da darasin minti 45 kan bincike, yadda ake ambaton doka da hukunci a kundin kammala karatu, da manhajar Zotero mai tsara madogarar rubutu, wadda kyauta ce kuma tana da gurbi na musamman domin doka da hukuncin kotu. Tsangayoyin shari'a na Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai da na jami'ar Tawa su ne maƙwabtan da ya kamata ya ƙulla musayar kundaye da su.

Ofishin lauya, notar (mai tabbatar da takardu a hukumance) ko wisiye (mai isar da sammaci da zartar da hukunci) sauri suke saye. Abin da ya fi musu amfani shi ne dokokin kasuwanci na OHADA (ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka), ajiyar samfuran takardu, da sanarwar mako ta sababbin dokoki.

Ma'aikatun gwamnati, ofishin magajin gari da hukumomin filaye na Cofo suna rayuwa ne a kan dekire da arete, wato umarnin gwamnati da na ministoci ko hukumomi, ba kan manyan littattafai ba. Mai kula da takardunsu ya ƙware a odonans (dokar da ɓangaren zartarwa ya kafa) mai lamba 93-015 ta 2 ga Maris 1993 kan tsarin karkara, da mai lamba 2010-29 ta 20 ga Mayu 2010 kan kiwo, da dokar matsayin sarakunan gargajiya mai lamba 2015-01 ta 13 ga Janairu 2015, domin takardun sulhun da ake rubutawa a fada sukan biyo ta hannunsa. Ya kuma san ilmin adana takardun tarihi, saboda takardar gona ta shekara 30 ita ce ke raba gardama.

Ƙungiyoyin kare haƙƙi da ofisoshin taimakon shari'a kuwa, masu zuwa wurinsu da yawa ba sa karanta Faransanci. Darasin farko a nan shi ne iya bayyana abin da aya ta ce da Hausa ko Kanuri ba ƙari ba ragi.

Hattara, kuma wannan ya shafi kowa: nuna wa mutum doka daban, faɗa masa abin da zai yi a shari'arsa daban. Na biyun aikin lauya ne. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya, a tura shi ofishin hukumar taimakon shari'a ta ANAJJ da ke babbar kotu.

3. Fara da koyon bin sawun doka

Ko da a shekarar nan ba za ka koyi komai ba sai wannan, ka ci riba. Ba ya buƙatar tafiya, ba ya buƙatar kuɗi, sai natsuwa da maimaici.

Ɗauki doka ɗaya da ake yawan nema, ka buɗe mata kati, a takarda ko a kwamfuta. A saman katin ka rubuta irinta (doka ce, odonans, dekire ko arete), lambarta, kwanan watanta, cikakken sunanta da Faransanci yadda yake, da lamba da shafin Jaridar Gwamnati inda ta fito. A ƙasa ka jera duk abin da ya taɓa ta daga baya: wace doka ce ta gyara ta, wace aya, an sauya ne ko an ƙara ko an soke. A can ƙasa ka rubuta ranar da ka duba na ƙarshe. Wannan ranar ita ce mafi daraja a katin, domin ita za ka faɗa wa mai tambaya: "Zuwa ranar kaza, ga yadda ayar take."

Dokar hukunta laifuka ita ce filin gwaji mai kyau. Asalinta doka ce mai lamba 61-27 ta 15 ga Yuli 1961, an yi mata babban gyara da doka mai lamba 2003-25 ta 13 ga Yuni 2003, an kuma ci gaba da taɓa ta bayan nan. Zaɓi aya 10, ka bi kowacce daga bugun da ke kabad ɗinka zuwa yau. Bayan ita ka gwada dokar ƙwadago mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012, a nan darasin shi ne haɗa doka da dekire ɗin da ke bayyana yadda za a yi aiki da ita. Sai dokar kare bayanan mutane, inda mai lamba 2022-59 ta 16 ga Disamba 2022 ta zo bayan mai lamba 2017-28 ta 3 ga Mayu 2017: misali ne na yadda mutum zai riƙe tsohuwa da zuciya ɗaya bai san an wuce wurin ba.

Daga nan ka shiga OHADA. Yarjejeniyar an sa mata hannu a Port-Louis ranar 17 ga Oktoba 1993, an sabunta ta a Kebek a 2008, ƙasashe 17 ne a ciki har da Nijar, kuma dokokinta suna aiki kai tsaye, suna gaban duk dokar cikin gida da ta saɓa musu. Abin da zai kama ka shi ne bugu. Dokar kasuwanci ta gama-gari da ta jingina an sabunta su ranar 15 ga Disamba 2010, ta kamfanoni ranar 30 ga Janairu 2014, ta kamfanonin da suka durƙushe ranar 10 ga Satumba 2015, ta sasanci ta hanyar alƙalin zaɓi ranar 23 ga Nuwamba 2017. Ta karɓo bashi da zartar da hukunci, wadda wisiye ke buɗewa kullum, ta 1998 ce aka maye gurbinta da ta 17 ga Oktoba 2023, ta fara aiki ranar 16 ga Fabrairu 2024. Duba koren littafin dokokin OHADA da ke ɗakinka yanzu, ka ga shekarar bugunsa.

Hattara: kada ka zubar da tsohon bugu don sabo ya zo. Da tsohuwar zuma ake magani. Kwangilar da aka ƙulla ko laifin da aka aikata a da, sau da yawa da dokar wancan lokacin ake auna su. Ka manna wa tsohon jan tambari a ƙeya, ka rubuta ranar da ya daina aiki, ka mayar da shi wani layi daban don kada a ɗauke shi da kuskure.

Akwai kuma sauye-sauyen ƴan shekarun nan da dole su shiga katunanka. Tun 26 ga Yuli 2023 aka dakatar da tsarin mulki na 25 ga Nuwamba 2010, dokoki suka koma fitowa a matsayin odonans, aka kafa Cour d'État a madadin Cour de cassation da Conseil d'État, sannan aka ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa a Maris 2025. Ficewar Nijar daga CEDEAO ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. Ma'anar wannan ga mai bincike: hukunce-hukuncen babbar kotun ƙasa suna ƙarƙashin sunaye daban-daban gwargwadon zamani, Cour suprême, Cour d'État, Cour de cassation. Wanda ya nema da suna ɗaya zai rasa sauran.

Hattara ta biyu: takardar da ta zo ta WhatsApp ba hujja ba ce. Daftarin da majalisar ministoci ta amince da shi yakan yi yawo kamar doka, alhali ba shi da lamba, ba sa hannu. Idan babu lamba, kwanan wata da sa hannu, ko ba ka gan ta a Jaridar Gwamnati ba, rubuta mata "ba a tabbatar ba" da manyan baƙaƙe. Haka nan manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu amsa tambaya: sukan ƙago lambar doka da hukuncin da ba a taɓa yankewa ba, da harshe mai daɗi. Duk abin da suka ba ka, sai ka gan shi da idonka a asali.

4. Zaɓi inda za ka yi karatu

Hanyoyin hawa uku ne, kuma an fi cin riba idan aka bi su a jere.

Hawa na farko shi ne na kyauta ta intanet, kai da kanka. Ware mako biyu ga kowane rumbu, ka ɗauki tambayoyi biyar daga kayenka ka gwada su a ciki. Juricaf na ƙunshe da hukunce-hukuncen manyan kotunan ƙasashe masu Faransanci, har da na Nijar. Shafin ohada.com na da rumbun Ohadata, inda lambar da ta fara da J hukunci ce, wadda ta fara da D rubutun masana ne, shafin ohada.org kuwa na hukumar ne da kanta. NATLEX na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na da dokokin aiki, FAOLEX na da na gona, kiwo, ruwa da daji, WIPO Lex na da na haƙƙin fasaha. Jurisguide, wanda ɗakin karatun Cujas na Paris ke kula da shi, yana koyar da dabarun binciken shari'a dalla-dalla. Lura da cewa dokar Faransa yake bayani. Dabarar za ka ɗauka, kada ka miƙa wa kowa ayar Légifrance, rumbun dokokin Faransa, a matsayin dokar Nijar don kawai lambobin sun yi kama.

A wannan hawan ne kuma za ka yi wa ma'aikatarku rajista da Research4Life, shirin da ke buɗe wa ƙasashe masu tasowa rumbunan mujallun ilmi. Sashensa na shari'a, GOALI, an buɗe shi a 2018, yana ba da mujallu da littattafan shari'a na manyan maɗaba'u, kuma Nijar na rukunin ƙasashen da ba sa biya. Ma'aikata ce ke rajista, ba mutum ba: jami'a, ofishin gwamnati, cibiyar bincike, ƙungiyar cikin gida mai zaman kanta. Ofishin lauya mai neman riba ba ya ciki. Suna da darussan koyon amfani da rumbun, su ma kyauta. Hattara: kalmar sirrin ta ma'aikata ce, idan aka watsa ta a waje ana iya rufe muku ƙofa gaba ɗaya.

Hawa na biyu shi ne gajeren horo na kwanaki. ERSUMA, makarantar OHADA da ke Porto-Novo a Benin, tana shirya zaman horo, wasu ta bidiyo, kuma tana da cibiyar takardu tata. Makarantar horon ma'aikatan shari'a ta ƙasa, EFJN, ita ce ƙofar da magatakarda zai fara ƙwanƙwasawa ta hannun shugabanninsa. Ƙungiyar ɗakunan karatu ta Afirka, AfLIA, mai mazauni a Accra, da sashen ɗakunan karatun shari'a na IFLA, tarayyar ƙungiyoyin ɗakunan karatu ta duniya, suna gabatar da laccoci ta intanet. Ƙungiyar ɗakunan karatun shari'a ta duniya, IALL, tana yin kwas sau ɗaya a shekara a ƙasa daban-daban, tana kuma ba da tallafin halarta, sai dai da Turancin Ingilishi ake yi. Mai jin harshen yana da wata dama kusa da gida: Jami'ar Bayero ta Kano na da sashen ilmin ɗakin karatu da tsangayar shari'a. Tsarin shari'arsu ba irin namu ba ne, amma ga ƴan kasuwarmu masu hulɗa da Kano, sanin yadda ake neman dokar Najeriya abin amfani ne.

Hawa na uku shi ne karatun digiri. ESSCOM a Yamai, makarantar da a da ake kira IFTIC, tana horar da masu kula da takardu da adana tarihi. EBAD ta Jami'ar Cheikh Anta Diop a Dakar ita ce tsohuwar makarantar wannan sana'a a yankinmu, kuma ta daɗe tana koyarwa daga nesa, abin da ya dace da wanda ba zai iya barin aiki da iyali ba. Wannan hawan na wanda ya shirya ba da dare da ƙarshen mako na shekara ɗaya zuwa biyu ne. Wanda ya zo daga fannin shari'a ya nemi ilmin ɗakin karatu. Wanda ya zo daga ɗakin karatu ya nemi tushen shari'a, ko da shekarar farko ce kawai.

Hattara: tun da Nijar ta sanar da ficewa daga ƙungiyar ƙasashe masu Faransanci ta OIF a Maris 2025, karanta sharuɗɗan cancanta na kowane tallafi kafin ka ɓata kwanaki kana haɗa takardu. Ma'aikacin gwamnati kuma ya tambayi ofishin ma'aikata a rubuce ko takardar shaidar da zai samu za ta shiga lissafin ƙarin girma, tun kafin ya biya ko dala.

5. Lissafin kuɗi da takardar neman izini

Rubuta kuɗin a layi shida: rajista, mota zuwa da dawowa, masauki, abinci da zirga-zirgar cikin gari, intanet, sai buga takardu. Farashin ranar za ka sa, wanda ka tambaya a tasha da wurin masu horon, ka ƙara kashi 10 cikin 100 na abin da ba a zata ba. Tafiyar Yamai yini guda ce cur a kan hanya, don haka horon kwana 3 kwana 5 ne a lissafin izini da na aljihu. Ga horon ƙetare, tabbatar da halin iyaka da hanyar da za a bi kafin ka biya rajista.

A ganinmu, idan jika 100 kawai aka ba ka a shekara, kashe mafi yawansu kan intanet mai ɗorewa, ma'ajiyar bayanai ta waje da sabon bugun dokokin da aka fi nema ya fi tafiya ɗaya amfani. Tafiya sai in akwai abin da ba a koyonsa sai da hannu, kamar girka manhaja ko gyaran tsofaffin takardu.

Takardar neman izini shafi ɗaya ce. Sakin layi na farko: matsalar, da adadi daga kayenka, misali tambaya nawa kan dokokin OHADA aka kasa amsawa a wata. Na biyu: horon, ranakunsa, kuɗinsa. Na uku: abin da ma'aikata za ta gani a ƙasa bayan wata uku. Na huɗu: wanda zai riƙe makulli kafin ka dawo. Shugabanni sun fi sa hannu idan layin ƙarshen nan ya fito sarai. Miƙa ta ta hannun shugabanka na kusa, watanni kafin a rufe kasafin shekara mai zuwa, ba ana saura mako ɗaya horo ba. Ma'aikacin kamfani ko ofishi mai zaman kansa ya sa mai gidansa ya tuntuɓi asusun FAFPA mai tallafa wa horon sana'a.

Hattara: kada ka taka mota ba takardar izinin tafiya mai sa hannu a jakarka, kuma a buga mata hatimi a zuwa da dawowa, in babu ita, mayar da kuɗi kan zama wahala. Sannan a faɗi gaskiya, bin kowane taro saboda kuɗin zama yana zubar da mutuncin sana'ar. Ranar da horo na gaske ya zo, shugaba zai ce ai ka riga ka yi yawo.

6. Shirya kayan aiki da lokaci

Karatu daga nesa a Damagaram wuta da intanet ke kayar da shi, ba wuyar darasi ba. Laccar awa ɗaya da bidiyo tana iya cin rabin jiga (GB) zuwa jiga guda na data. Kashe kyamararka ka rage. Riƙe layin waya na kamfani biyu. Sauke darussa da dare ko da asuba, ka ajiye su a kile (USB) biyu. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ya tsananta wuta ke yawan ɗaukewa, kada ka sa jarrabawa ko aikin da ke da wa'adi in kana da zaɓi. Cika batirin kwamfuta da na ajiya tun da safe.

Awa biyu sau biyu a mako, a rubuce a ƙofar ɗakin da sanin shugaba, sun fi alkawarin "in na samu lokaci". Lokacin hutun kotuna na shekara shi ne na manyan ayyuka ga ma'aikacin kotu. Na jami'a ya guji watannin kare kundaye.

Game da manhajar tsara littattafai, kada ka zaɓi abin da ba mai gyara maka. PMB kyauta ce, da Faransanci take, tana iya zama a kwamfuta ɗaya ba intanet. Koha ta fi ƙarfi amma tana son tsarin kwamfuta na Linux da wanda ya iya shi, ta fi dacewa da jami'a. Ɗakin da bai kai littafi 500 ba, jadawalin Excel mai tsabta ya ishe shi a farko. A tsarin Dewey na jera littattafai da lambobi, shari'a tana 340: 342 tsarin mulki da gudanarwa, 344 ƙwadago da zamantakewa, 345 laifuka, 346 farar hula da kasuwanci, 347 kotuna da tafiyar da shari'a. Idan za ka ɗauki hoton Jaridar Gwamnati, sa na'urar a kan 300 dpi, ka bi da manhajar gane rubutu ta Faransanci don a iya nema, ka sa wa fayil suna da shekara, iri da lamba, ka ajiye kwafi uku, ɗaya a wani ginin daban. Hattara: manhajar gane rubutu takan juya lambobi, 3 ta koma 8, 1 ta koma 7. A doka wannan wa'adin ɗaukaka ƙara ne ko adadin tara, don haka hoton asali ake miƙa wa alƙali, ba rubutun da na'ura ta fitar ba.

7. A wurin horo, da mako biyu bayan dawowa

Tafi da tambayoyi biyar na gaske daga kayenka, bayan ka cire duk abin da zai nuna masu shari'ar. Fayil ɗin da ke gaban alƙalin bincike sirri ne, ba ya fita ko a matsayin misali. Nemi kwafin darussan tun ana zaune, ka karɓi lambar mutum biyu ko uku masu aiki irin naka a wasu garuruwa. Ranar da wata lambar Jaridar Gwamnati ta ɓace maka, su za su ɗauko maka hotonta.

Abin da ba a taɓa ba cikin mako biyu yakan tafi. A ciki ka rubuta rahoto na shafi biyu, ka tara abokan aiki na minti 30 ka nuna musu abu ɗaya da hannu, ka kuma sauya abu ɗaya a ɗakin wanda mai shigowa zai gani: sabon jerin dokokin da ke aiki a bango, ko sanarwar mako ta rabin shafi. Takardar shaida kuwa, kwafi ɗaya ofishin ma'aikata, asali a gida.

8. Haɗa zaman abokan sana'a a gari

Wannan shi ne horo mafi araha, kuma shi aka fi sakaci da shi. Mutum biyar zuwa takwas sun isa: na kotu, na Jami'ar André Salifou, na ofishin gwamna ko magajin gari, na ofishin tsarin karkara na jiha, na wani ofishin lauya, na wata ƙungiya. Sau ɗaya a wata, awa ɗaya da rabi, ana zagayawa ofis-ofis da izinin shugabanni. Kowane zama mutum ɗaya ya kawo doka ɗaya da katinta, sauran su nemi kuskure a ciki. Aikin farko da ya kamata ku yi tare shi ne jerin lambobin Jaridar Gwamnati da kowa ke da su, shekara-shekara. Za ku tarar abin da wani ya rasa yana kabad ɗin wani a cikin gari ɗaya. Na Mirya, Matamai da sauran garuruwa su shiga ta waya.

Hattara: rukunin WhatsApp na irin wannan zaman a sa masa ƙa'ida tun ranar farko, dokoki da sanarwar horo kawai, kuma duk wanda ya tura takarda ya faɗi inda ya samo ta.

9. Auna bayan wata shida

Sake buɗe kaye na mako huɗu, da layukan nan biyar. Kwatanta abu biyu da na farko: yawan "ba a samu ba", da mintocin da tambaya ke ci. Ƙirga katunan da ranar dubawarsu ba ta wuce wata uku ba. Idan wani fanni bai motsa ba duk da horon da ka yi a kansa, koma mataki na 1 ka duba dalilin, domin wataƙila littafi ne babu, ba ilmi ba. Sakamakon ka sa shi a shafi ɗaya ka liƙa a bayan takardar neman izinin shekara mai zuwa, tare da jerin bugun da suka tsufa da farashin sababbinsu.